Daga Ramar Saniya Zuwa Teɓar Mutum: Yadda Garkuwar Jiki ke Juya Kitse

Duk makiyayin da ya taɓa gangarawa kudu da shanunsa lokacin rani ya san sammore. Ƙudan tsando zai ciji saniya, bayan 'yan makonni gashinta ya tashi, idonta ya riƙa zubar da ruwa, tozo ya faɗa, har ka iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa. Ga ciyawa, ga ruwa, amma kullum sai ƙara zubewa take yi. Ɓarnar wannan cuta ce ta sa aka kafa mata cibiyar bincike ta musamman a Kaduna tun zamanin Turawan mulki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, har da masu karatun boko, shi ne ramar saniya mai sammore ce ta buɗe wa likitoci ƙofar fahimtar abin da ke faruwa cikin tumbin mai ƙiba, da jinin mai ciwon suga, da jikin mai ciwon daji da ke ƙarewa a kan gado.

A shekarun 1970 wani masani Ba'amurke, Anthony Cerami, ya je Kenya kan aikin neman maganin wannan cuta. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, in aka duba jinin dabbar da ta rame ta zama ƙashi da fata, ƙwayoyin cutar da ke ciki ba su da yawan da za a ce su ne suka cinye mata nama. Da ya koma Jami'ar Rockefeller a Niyok, shi da Carol Rouzer suka sa wa zomaye cutar. Zomayen suka rame kamar yadda aka zata. Amma da aka ɗebi jininsu, sai ga ruwan jinin ya yi fari saboda yawan maiƙo. Dabba ta ƙare, babu kitse a jikinta, jininta kuwa cike da shi. Sun buga wannan sakamako a 1980.

Shekara guda bayan haka Cerami da Masanobu Kawakami suka nuna cewa umarnin daga jikin dabbar yake fitowa. Akwai wasu manyan fararen ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makrofaj, waɗanda aikinsu shi ne haɗiye ƙwayoyin cuta da matattun ƙwayoyin jiki. Da zarar sun ji gubar cuta sai su saki wani sinadari cikin jini, shi kuma ya je ya hana kitse karɓar maiƙo. A 1985 Bruce Beutler, wanda daga baya ya samu lambar Nobel a 2011, ya tace sinadarin a ɗakin binciken Cerami, sai aka tarar ashe shi ne wanda su Lloyd Old suka gano tun 1975 yana kashe ƙari a jikin ɓeraye, suka sa masa suna TNF. Masu neman maganin daji da masu neman sanadin rama ashe abu ɗaya suke bi.

Rumbu da mai riƙe da ƙofarsa

Ƙwayar kitse rumbu ce. Bayan an ci abinci, hanji da hanta suna tura maiƙo cikin jini a ɗan dunƙule. A bangon ƙananan hanyoyin jinin da suka ratsa kitse akwai wani sinadari, LPL, wanda ke fasa dunƙulen ya shigar da maiƙon ciki a ajiye. Mai riƙe da ƙofar rumbun shi ne insulin, kuma umarninsa biyu ne: a zuba, kada a ɗiba. In mutum ya ɗauki azumi ko ya kwana da yunwa, insulin ya yi ƙasa cikin jini, sai wasu sinadarai da ke cikin ƙwayar su fara warware kitsen suna sakinsa kaɗan-kaɗan don tsoka da zuciya su ƙona. Ajiya ce mai albarka, domin giram ɗaya na kitse yana ba da kalori 9, alhali na sitaci ko na furotin 4 ne kacal.

TNF da 'yan'uwansa, irin su IL-1 da IL-6, su ne saƙonnin da garkuwar jiki ke aikawa in an shiga hali. Masana na kiran su saitokin. Su ne ke kawo zafi da ja da kumburin da ake gani a bakin miki, su ne kuma ke kawo zazzaɓi. In suka isa kitse sai su juya tsarin nan gaba ɗaya. LPL ya daina aiki, don haka maiƙon da ke yawo cikin jini ba ya samun shiga. Rufin da ke kare ɗigon kitse a cikin ƙwayar ya yi sako-sako, sai masu warwarewa su samu hanya. Abu mafi nauyi kuma, insulin zai zo bakin ƙwayar ya isar da saƙonsa, amma a ciki an toshe hanyar da saƙon ke bi, sai ya zama ba a ji ba. Ita ma hanta ta ƙara ƙera maiƙo tana zubawa cikin jini. Abin da aka gani a jinin zomayen nan ke nan.

Ba kuskure jiki ke yi ba. Yaƙi da cuta abu ne mai cin ƙarfi. Duk digiri ɗaya da zafin jiki ya ƙaru, abin da jiki ke ƙonawa yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100, ga shi mai zazzaɓi ko ƙamshin abinci ba ya so. Fararen ƙwayoyin da ke yaƙi kuwa suga suke sha sosai. Saboda haka jiki ke sa tsoka ta rage jin insulin, sugan ya zauna cikin jini don masu yaƙi, ita tsokar ta koma ƙona kitse. Kenneth Feingold da Carl Grunfeld, likitoci biyu a San Francisco da suka daɗe kan wannan fanni, sun nuna cewa dunƙulen maiƙon da ke ƙaruwa cikin jini lokacin cuta yana kama gubar bakteriya ya rage mata ƙarfi. Wani abin mamaki ma, nau'in ƙwayar sammoren da ke kashe shanu ba ya iya zama cikin jinin ɗan Adam, kuma a 2003 su Etienne Pays a Beljiyam suka gano dalili: wani furotin ne da ke hawe kan HDL, wato abin da ake kira kolestarol mai kyau, yake fasa ƙwayar cutar. Kitsen jini da garkuwar jiki tun asali tare suke aiki.

Wannan shiri na kwana uku ne, ko mako guda. Zazzaɓin cizon sauro ya zo, maiƙon jini ya hau, HDL ya sauka, aka sha magani, komai ya koma daidai. Masifa tana farawa ne in saƙon ya ƙi ɗaukewa.

Majinyacin da abinci ba ya kama shi

Wanda ya taɓa jinyar mai tarin fuka, ko mai ƙanjamau kafin magani ya wadata, ko mai ciwon daji da ya yi nisa, ya san wannan. Ana dama kunu, ana kawo farfesu, ana lallashi, «daure ki ƙara cokali ɗaya, Inna», amma gefen goshi na ƙara lotsawa, zobe na zamewa daga yatsa. Wani lokaci dangi su zargi mai jinya da sakaci, wani lokaci a ce sammu ne. Wannan zargi yana ƙona rai, domin ba shi da tushe. Ramar yunwa daban, wannan daban. Mai yunwa jikinsa na rage ƙona abinci don ya yi tattali, kuma in ya samu abinci yana murmurewa. Wannan kuwa saitokin ne suka hana kitse ajiya, suka sa shi zuba, suka shiga ƙwaƙwalwa suka kashe sha'awar ci, sannan suka taɓa tsoka. Fiye da rabin masu ciwon daji da ya yi nisa suna shiga wannan hali, musamman in ciwon a ciki ko huhu yake.

Sau da yawa kitsen ne ke fara tafiya kafin tsoka. A 2011 masana a birnin Graz na Ostiriya sun cire wa ɓeraye sinadarin da ke fara warware kitse, mai suna ATGL, sannan suka sa musu daji. Kitsensu bai zube ba, kuma abin da ba a zata ba, tsokarsu ma ta tsira. A 2014 wasu masana a Sifen suka nuna cewa IL-6 yana sa farin kitse ya rikiɗa zuwa irin wanda ke ƙona kansa ya fitar da zafi kawai, wato ajiyar na tafiya ba tare da ta yi wa jiki wani aiki ba. An daɗe babu maganin kirki. Sai a 2024 aka buga sakamakon gwajin wani magani, ponsegromab, mai toshe saƙon GDF15 da ke kashe sha'awar abinci. Cikin majinyata 187, waɗanda suka samu kaso mafi girma sun fi waɗanda ba a ba su maganin ba ƙaruwar nauyi da kusan kilo 3 bayan mako 12. Gwaji ne na tsaka-tsaki, bai zama maganin da ake rubutawa ba tukuna, amma ga mai jinyar da ya ga yadda kilo ɗaya ke wuya, wannan ba ƙaramin labari ba ne.

Kumburin da ba a gani

A 1993 labarin ya juya ta inda ba wanda ya yi tsammani. Wani matashin likita ɗan Turkiyya, Gökhan Hotamisligil, yana aiki da Bruce Spiegelman a Boston, ya duba kitsen ɓeraye masu ƙiba sai ya tarar cike yake da TNF, sinadarin da duniya ta sani da ramarwa. Da suka toshe shi, jikin dabbobin ya ƙara jin insulin. Shekara biyu bayan haka aka ga irin wannan a kitsen mutane. A tsakanin nan, a 1994, Jeffrey Friedman ya gano leptin, saƙon da kitse ke aika wa ƙwaƙwalwa, daga nan aka daina kallon kitse a matsayin tarin maiƙo da ke kwance kawai.

Daga ina TNF ɗin ke fitowa? Amsar ta zo a 2003 daga ƙungiyoyi biyu, ɗaya ta Anthony Ferrante a Jami'ar Columbia. A kitsen marar ƙiba, makrofaj ba su kai kashi 10 cikin 100 na ƙwayoyin da ke wurin ba. A kitsen mai ƙiba sosai suna iya kai kashi 40. A 2005 Saverio Cinti ɗan Italiya da abokan aikinsa suka nuna inda suke taruwa. A ƙarƙashin madubin likita ana ganin ƙwayoyin kitse jere, farare, zagayayyu, sai can ga ɗaya ta mutu, makrofaj sun yi mata zobe sun manne da juna suna zuƙe maiƙon da ta bari. Fiye da kashi 90 cikin 100 na makrofaj ɗin da ke cikin kitsen a irin wannan zobe suke.

Ga yadda abin ke faruwa. Ƙwayar kitse tana da iyakar cika. In aka ci gaba da ɗura mata, ta kumbura ta yi nesa da hanyar jini, iska ta yi mata kaɗan, sai ta fara sakin saƙon neman agaji, wasu su mutu. Makrofaj su zo shara, suna aikin suna sakin TNF da IL-6. Waɗannan su sa ƙwayoyin da ke maƙwabtaka su daina jin insulin su fara zubar da maiƙo, maiƙon ya ƙara tunzura garkuwa, ita kuma ta ƙara saki. A lokaci guda adiponektin, saƙon kitse mai taimakon hanta da tsoka wajen ƙona maiƙo, ya yi ƙasa. Babu zazzaɓi, babu ciwo, babu abin da zai sa mutum ya nemi asibiti. Abin da kawai zai nuna shi ne gwajin jini na CRP, furotin ɗin da hanta ke ƙerawa in IL-6 ya taɓa ta, wanda za a ga ya ɗan ɗaga ya zauna haka shekara da shekaru.

Kuma ba kowane kitse ne ke da wannan hali daidai ba. Ranar Babbar Sallah, in aka farke cikin rago, kafin a kai ga hanji akwai wani farin kitse shimfiɗe a kai, mai raga-raga, siriri a wani wuri, da kauri a wani, sannan ga wani manne da hanjin kansa. Mutum ma yana da su, kuma su ne ke turo teɓa gaba ta yi tauri. Wannan kitse ya fi tara makrofaj, sannan jinin da ya fito daga cikinsa kai tsaye hanta yake zuwa kafin ya zaga sauran jiki. Don haka hanta ce ke fara shan maiƙon da saitokin ɗin. Sai ta tara kitse, ta riƙa ƙera suga ko da jini cike yake da shi, ta ƙara tura maiƙo cikin jini, HDL ya ragu. Daga nan hanyar ciwon suga da toshewar jijiyoyin zuciya ta buɗe.

Wani bincike na Samuel Klein a St. Louis a 2004 ya fito da wannan fili. An zuƙe wa mata masu ƙiba kusan kilo 10 na kitsen da ke ƙarƙashin fatar ciki ta hanyar tiyata. Nauyi ya ragu, amma jin insulin bai gyaru ba, CRP da IL-6 da TNF ma suna nan inda suke. Kitsen da ke can ciki ba a taɓa shi ba.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. A al'adarmu teɓa shaidar samu ce, in mutum ya yi tumbi sai a ce hutu ya karɓe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙiba mai yawa. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da ciwon a yankin Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba. Ma'aunin da ƙungiyar ke amfani da shi ga yankinmu shi ne faɗin ƙugu: santimita 94 ga namiji, 80 ga mace. Tef ɗin tela ya isa a auna, kuma ya fi sikeli faɗin gaskiya, domin akwai siririn mutum mai ɗan tumbi a gaba wanda hantarsa ke cikin wahala fiye da ta mace mai cikar cinya da ƙugu.

To, me zai hana a kashe kumburin?

An gwada, kuma tun da daɗewa. A 1876 wani likitan Jamus, Wilhelm Ebstein, ya lura cewa maganin salisilet, ɗan'uwan asfirin, yana rage suga a fitsarin masu ciwon suga. Sai a 2001 su Steven Shoelson a Boston suka bayyana dalili: yana toshe ɗaya daga cikin hanyoyin da kumburi ke bi ya kurmantar da ƙwaya ga insulin. Amma da aka yi babban gwaji a mutane, ragin da aka samu kaɗan ne. Magungunan toshe TNF, waɗanda suka yi abin a zo a gani a ɓeraye, ba su yi wani tasiri mai yawa kan sugan mutane ba, sannan suna iya tayar da tarin fuka da ke kwance a jiki, abin da ba wasa ba ne a ƙasashenmu.

Gwaji mafi girma shi ne wanda Paul Ridker ya jagoranta, aka buga a 2017. Mutum 10,061 da suka taɓa samun bugun zuciya kuma CRP ɗinsu ke sama, aka ba wasunsu allurar da ke toshe IL-1. Kolestarol ɗinsu bai sauka ba, duk da haka bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilinsu sun ragu da kusan kashi 15 cikin 100. Wannan ya tabbatar da cewa kumburi da kansa yana ɓata jijiyoyi. Sai dai allurar ba ta hana sabon ciwon suga ba, kuma mutuwa ta dalilin cututtuka masu kama jiki ta ƙaru. Garkuwa ce aka rage wa ƙarfi, dole a biya.

Akwai kuma dalili mai zurfi da ya sa kashe saƙon ba ya wadatarwa. A 2014 ɗakin binciken Philipp Scherer a Dallas ya nuna cewa ɓerayen da aka hana kitsensu yin kumburi gaba ɗaya, kitsen nasu ya kasa faɗaɗa yadda ya kamata, maiƙon ya koma hanta. Ana buƙatar ɗan kumburi don a share matattun ƙwayoyi a shimfiɗa sababbin hanyoyin jini.

Labarin IL-6 ya fi kowanne nuna haka. A shekarar 2000 su Bente Klarlund Pedersen a Kopenhagen ta Denmak suka gano cewa tsokar da ke aiki tana sakin IL-6 cikin jini, kuma a motsa jiki mai tsawo yana iya ninkawa har sau 100. Yana hawa da sauri, ya sauka cikin 'yan sa'o'i, ya bar baya da saƙonnin da ke kwantar da kumburi. A 2019 masana a birnin suka sa masu teɓa tuƙa keken motsa jiki na mako 12. Kitsen cikinsu ya ragu da kimanin giram 225. Amma waɗanda aka haɗa musu da allurar toshe IL-6, sun tuƙa keken daidai da sauran, kitsen bai ragu ba. Sinadarin da ke cutarwa in yana ɗiga dare da rana daga kitse, shi ne ke narkar da kitsen in ya zo lokaci guda daga tsoka ya wuce. A ganina wannan ne binciken da ya fi dacewa a kai wa mutanenmu, domin noma, da tafiyar ƙasa mai sauri, da daka, da keke duk suna cikin abin da ake nufi, kuma su ne muke bari da zarar hali ya samu. Rage nauyi ma yana sauke CRP, ko ta abinci ne, ko ta sababbin allurai irin su semaglutide, wanda a gwajin 2023 kan mutum fiye da 17,000 ya rage matsalolin zuciya da kashi 20 cikin 100.

Akwai wani abu da ke faruwa a unguwanninmu da ya kamata a faɗa a fili. 'Yan mata da amare, wasu da matsin ƙawaye, wasu da na dangi, suna sayen ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Da yawa daga cikinsu dexamethasone ne ko danginsa, a haɗa da masu buɗe ciki. Dexamethasone babban maganin kashe kumburi ne, ya ceci rayuka masu yawa, ciki har da masu korona da numfashi ya gagara a 2020. Amma in aka daɗe ana sha, yana kwashe kitse da tsoka daga hannu da ƙafa ya tara a fuska, da ƙeya, da cikin ciki, wato daidai wurin da ya fi haɗari. Fuska ta yi zagaye tana sheƙi, fatar ciki ta tsattsage da jan layi, suga ya hau, hawan jini ya biyo, ƙashi ya yi rauni, garkuwa ta kwanta, tarin fuka ya samu ƙofa. 

Wadda ta riga ta shafe makonni tana sha kada ta yanke rana ɗaya. Jiki yana da nasa irin wannan sinadari da wasu 'yan halittu biyu da ke saman ƙoda ke ƙerawa, kuma in ana kawo shi daga waje sai su daina aiki. Yankewa farat ɗaya na iya sa jini ya faɗi, a yi ta amai, a suma, har a rasa rai. Likita ne zai tsara yadda za a riƙa ragewa sannu a hankali, ya kuma duba suga da hawan jini a lokacin. A tafi masa da kwalin maganin ko ragowar ƙwayoyin a hannu, domin ya ga ainihin abin da ake sha.